Tambaya da Amsa: Wai mene ne mim ɗin nan, kuma duk abin da aka turo a guruf mim ne?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan karon saƙonnin da suka shigo da yawansu a kan kalma ɗaya suke ta zagaye shi yasa na haɗe su wuri guda, waɗanda suka yi tambaya kan rijistar layi da batirin sola su yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Malam, da fatan kana lafiya, ya iyali. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a ƙasar Ringim. Dan Allah kalmar nan da yara suke rubutawa meme, wani ya karanta ta me-me wani yace a'a mim ake cewa, mene ne ainihin ma'anarta kuma daga ina ta fito? Don ni dai abin da na gani duk hoton da aka turo in dai da dariya a ciki sai ace mim ne, har bidiyon wani bawan Allah da ya faɗi da babur ranar kasuwar Gujungu an turo mana an ce mim. Ɗalibai suna tambayata ni kuma bana so in faɗa musu abin da ba haka ba.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka muku da alheri kan ɗawainiyar yaranmu. Mim ake furtawa, a ja wasalin tsakiya, duk da meme ake rubutawa. Kuma kalmar nan ta girmi Facebook da WhatsApp nesa ba kusa ba, kaga layin wayar salula sai 2001 ya shigo Najeriya ita kuwa tun 1976 aka ƙirƙire ta. Wanda ya ƙirƙire ta wani masanin halittu ne na jami'ar Oxford a Ingila, Richard Dawkins, a cikin littafinsa The Selfish Gene. Littafin gaba ɗaya magana yake kan ƙwayoyin gado, waɗanda suke sa ɗa ya ɗauko kamannin uwa da uba, sai can wajen ƙarshe yace ai ba jiki kaɗai ake gada ba, akwai abubuwan da suke tashi daga kan wani su shiga kan wani ta hanyar kwaikwayo, sai ya yanko musu suna daga wata kalmar Girkanci mai nufin abin da aka kwaikwaya. Mutumin fa sananne ne wajen rashin yarda da addini, har addini ya jefa cikin misalansa, wannan ba mu tare da shi ko kusa, amma abin da ya lura da shi game da kwaikwayo abu ne da kowa yake gani da idonsa.

Misalan da ya kawo su ne karin waƙa, salon magana, yayin tufafi, da yadda ake ginin tukwane. Ka lura babu hoton dariya ko ɗaya a ciki. To in ka ɗauki wannan ma'anar ta asali Malam ƙauyenku cike yake da mim tun kafin a haifi shi mai kalmar. Yadda mai ginin tukunya take lanƙwasa bakin randa wajen uwarta ta gani, ita ma uwar wajen tata uwar ta gani. Kitson shuku, zanen lalle da wata ta gani a hannun amarya a biki ta dawo ta yi wa ƙanwarta ta ɗan ƙara nata ado, ɗaurin ɗankwali da zai fito bana kowace yarinya ta koma shi, rubutun da direbobi suke yi a bayan manyan motoci, ga ta nan ga ta nanku da muke buɗe tatsuniya da ita, babu wanda zai nuna maka wanda ya fara amma ga shi ana ta yi. Mu da Hausa ma muna da sunan wani ɓangare na abin, sara da yayi, magana ta fito daga bakin wani ɗan kasuwa ko mawaƙi kafin wata biyu yaran gari duk sun ɗauka kowa yana saka ta inda ta dace da shi, bayan shekara ta mutu wata ta fito.

Shi Dawkins yace abu uku ne suke sa irin wannan ya yi ƙarfi, ya daɗe, ya yaɗu da yawa, kuma ya riƙa fitowa kusa da asalinsa. Manomi zai fi kowa gane wannan don haka yake zaɓen zangarniyar geron da zai ajiye iri, wadda za ta kai baɗi ba ta lalace ba, ta ba da yabanya mai yawa, kuma abin da ya tsiro ya yi kama da abin da aka shuka.

Da intanet ta zo sai kalmar ta koma can. Tun 1994 wani lauya a Amurka, Mike Godwin, ya yi rubutu a mujallar Wired yana amfani da ita kan maganganun da suke yaɗuwa a tsakanin masu hira ta kwamfuta, a 1996 kuma aka yi wani zanen jariri mai rawa da mutane suka riƙa tura wa juna ta imel. Daga nan sannu a hankali ma'anar ta ƙuntace ta koma hoto ko ɗan bidiyo da ake ɗora wa rubutu. Wannan ba laifi bane, kalma tana canzawa a bakin masu ita, amma ko a wannan sabuwar ma'anar akwai sharaɗi kuma shi ne mutanenmu suke tsallakewa. Wata farfesa mai bincike a wannan fannin, Limor Shifman, ta raba abu biyu, akwai abin da ya bazu kawai, guda ɗaya ne ake ta turawa yadda yake ba a taɓa shi, akwai kuma mim wanda shi tari ne na abubuwa masu kama da juna, kowa ya ɗauki tsarin ya sa nasa. Ina ganin wannan shi ne ma'auni mafi sauƙi da za ka ba ɗalibanka, su tambayi kansu shin mutane suna sake shi suna sa nasu ko turawa kawai ake yi.

Ka tuna mutanen Ghana ɗin nan masu ɗaukar akwatin gawa suna rawa da shi, BBC ta nuna su tun 2017 amma sai 2020 lokacin korona aka fara yanko rawar ana liƙa ta a ƙarshen bidiyoyi dubbai daban daban, wannan liƙawar da kowa yake yi da nasa ita ta mayar da shi mim. Haka fuskar Osita Iheme wanda aka fi sani da Pawpaw, daga tsofaffin finafinan Kudu, wajen 2019 mutanen ƙasashen da ba su ma san sunansa ba suka riƙa ɗora mata maganganunsu. A nan gida kuma ga fuskar marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, ya rasu tun 2014 amma har yau za ka ga an yanko kallonsa na mamaki an rubuta abin da ya shafi tsadar taki ko kuɗin makaranta. Pawpaw da Ibro duk 'yan wasa ne, sana'arsu ce su tsaya gaban kyamara su ba da dariya. Shi kuwa bawan Allah da ya faɗi da babur a Gujungu ba wasa ya fito yi ba, tsautsayi ne ya same shi wani ya ɗauka maimakon ya je ya ɗaga shi, wannan ko da wace ma'ana aka auna ba mim bane.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni 'yarka ce daga wani ƙauye a Dambatta, wallahi raina a ɓace yake nake rubuto maka. Babanmu dattijo ne ya haura saba'in, an je ɗaurin aure gyangyaɗi ya ɗauke shi a zaune bakinsa a buɗe, wani yaro ɗan maƙwabtanmu ya ɗauki hotonsa ya mayar da shi sitika ya rubuta wata magana ta raini a ƙasa, yanzu a guruf ɗin matasan garinmu da na 'yan makarantarmu ita ake turawa in ana son a yi wa wani dariya. Da yayana ya yi masa magana sai yace wai mim ne kawai mu ne ba mu waye ba, ai duk duniya haka ake yi. Shi Baba bai sani ba har yanzu kuma muna tsoron ranar da zai ji. Ya za mu yi?

AMSA: Lafiya lau 'yata, Allah ya huci zuciyarku ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Ku ba rashin wayewa ke damunku ba, an taɓa mutuncin mahaifinku ne kuma duk ɗan halak zai ji abin da kuka ji. Wannan maganar ta mim ne kawai ita ce mafi munin yadda ake amfani da kalmar yanzu, an mayar da ita mafaka, mutum ya yi abin da in da baki ya yi shi a dandali sai an kira ubansa, amma da yake a waya ne ya laƙa masa sunan Turanci sai ya ga kamar ya fita.

Mu Hausawa ai ba baƙin wasa bane. Muna da wasan taubasai, muna da na jika da kaka, ga Fulani da Barebari, ga Kanawa da Zagezagi, ga tashe da azumi da yara suke kwaikwayon mai rowa da malalaci gari ya yi ta dariya. Amma ki duba duk waɗannan suna da ƙa'ida, an san waye abokin wasan waye, wanda aka tsokana yana wurin yana ji kuma yana da damar ramawa, in an tashi an tashi ba a bar komai a ƙasa ba. Yaron nan ba jikan Baba bane ba taubashinsa bane, Baba bai san an yi ba balle ya rama, kuma abin ba ya ƙarewa don kullum aka tura an sake yi masa. Wannan a Hausa izgili ne da cin mutunci. Kuma Allah ya hana a Suratul Hujurat aya ta 11, kada wasu mutane su yi wa wasu izgili, mai yiwuwa waɗanda ake yi wa sun fi su alheri, a cikin ayar ma aka hana jifan juna da sunayen banza.

Shi da yake cewa duk duniya haka ake yi, ai a can ɗin ma an ga illarsa. A 2003 a Kanada wasu 'yan sakandare suka samu bidiyon ɗan makarantarsu yana wasa shi kaɗai da sanda yana juya ta kamar takobi, suka sa a intanet, miliyoyin mutane suka kalla aka yi ta sake shi ana ƙara masa sauti da haske, wato shi kam ya cika sharaɗin mim ɗin sosai, amma yaron sai da ya bar makarantar saboda tsangwama, iyayensa suka kai ƙara kotu. Kinga kenan ko abu ya zama mim na gaske wannan bai wanke wanda ya fara ba.

Sai dai zan faɗa miki gaskiya kan yadda abin yake aiki don kada ku sa rai da abin da ba zai yiwu ba. Sitika tun 2018 WhatsApp ya kawo ta, kuma duk wanda aka tura wa zai iya dannawa ya ajiye ta a wayarsa, daga nan ta zama tasa, ko shi yaron ya goge tasa ba zai iya shiga wayoyin mutane ya goge ba. Gogewa ga kowa ma tana da wa'adi na kwana biyu da ɗan wani abu ne bayan turawa. Don haka maganin ba a cikin waya yake ba, a wurin mutane yake, a sa tura ta ya zama abin kunya a garin.

Kada yayanki ya tare yaron da faɗa, kada kuma ku rama da hoton nasa uban, in kuka yi haka dattawa biyu aka wulaƙanta maimakon ɗaya. Ku fara ajiye shaida, a ɗauki hoton fuskar wayar inda aka tura da sunan wanda ya tura. Sannan wani babba a gidanku, kawu ko baffa, ya je wajen mahaifin yaron cikin mutunci ya nuna masa, mafi yawan iyaye a karkara in suka ga irin wannan da idonsu ba sa buƙatar a ƙara musu bayani. Abin da za ku nema shi ne yaron ya shiga duk guruf ɗin da ya tura ya rubuta da sunansa cewa ya yi kuskure kowa ya goge, su kuma admin su sanar duk wanda ya sake turawa za a cire shi, admin yana da ikon goge saƙon wani a guruf in bai daɗe ba. In an sa a Facebook ko TikTok ku taru ku kai rahoto ta wurin da aka tanada a jikin fostin ɗin. In yaron ya yi taurin kai ga mai unguwa ga dagaci, ga Hisbah suna yin sulhu a irin wannan. Kotu ita ce ta ƙarshe, ɓata suna laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024 aka taƙaita sashe na 24 nata, lauya ne zai duba ya ce muku wacce ta hau kan maganarku. Ni dai fatana kada a kai can tunda maƙwabta ne kuma gobe ma tare za ku kwana a gari ɗaya.

Batun Baba kuwa, a ganina gara ya ji daga bakin babban da ya je sulhun bayan an riga an kashe wutar, tare da yaron ya zo ya durƙusa ya ba shi haƙuri, da ya ji a bakin yara a hanyar masallaci.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ina sana'ar cajin waya a wani gari kusa da Gezawa, mutane suna yawan kawo min waya in karanta musu abu. Sai in ga hoton wani babban malami ko gwamna an rubuta magana a gefe wai shi ya faɗa, in na bincika sai in ga bai faɗa ba, in na yi wa wanda ya turo magana yace ai mim ne. Wannan fa?

AMSA: Yauwa ɗan'uwa, Allah ya yi wa sana'a albarka, kuma ka ci gaba da binciken nan don aiki kake yi babba. Wannan ƙage ne. Mim na barkwanci duk wanda ya gani ya san wasa ne, ba wanda zai ɗauka da gaske Ibro ya yi magana kan farashin taki na bana. Amma in aka sa hoton malami da rawaninsa aka rubuta fatawa da sunansa yadda tsohuwar da ka karanta wa za ta tafi gida ta yi aiki da ita, an yi niyyar a yarda ne, kuma wanda ya haɗa ya sani.

Akwai wani abu a ma'anar asali da ya kamata mu riƙe a nan, abu ba don gaskiyarsa yake yaɗuwa ba, don ya iya kama zuciya ne, ko tsoro ko dariya ko fushi. Wanda ya isa hankali a watan Agustan 2014 zai tuna daren da aka yi ta buga waya ana tura saƙo a yi wanka da ruwan gishiri a sha saboda Ebola, kafin gari ya waye ya zagaye ƙasar nan har ƙauyukan da ba su da lantarki, an kwantar da mutane a asibiti wasu suka rasa ransu, kuma babu ƙamshin gaskiya a ciki. Kowa ya tura ne don yana son 'yan'uwansa. Irin wannan ne ya sa a 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma saƙon da aka riga aka yi ta turawa sai wuri ɗaya, za ka gan shi da alamar kibiya biyu a sama. Ka riƙa nuna wa masu kawo maka waya kibiyoyin nan, ka ce musu wannan ya bi hannu da yawa ba a san mafarinsa ba, in maganar malami ce a nemi muryarsa ko bidiyon karatun cikakke a shafinsa, kuma yanzu da ake iya haɗa murya da fuska da kwamfuta ɗan guntun bidiyo na daƙiƙa goma ma bai isa hujja ba. Aya ta 6 a cikin Hujurat ɗin dai ta riga ta ce a yi bincike in labari ya zo.

TAMBAYA: Salam Yaya, daga yankin Hadejia. Abokaina sun ce akwai mim koyin da in ka saya yanzu zai ninka sau ɗari, ina da raguna biyu da nake kiwo don sallah ina tunanin in sayar da ɗaya in shiga. Meye alaƙarsa da mim kuma ka ba ni shawara.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Mim koyin wani nau'in kuɗin intanet ne. Alaƙar ita ce na farkonsu, Dogecoin, wasu mutum biyu ne Billy Markus da Jackson Palmer suka ƙirƙire shi a Disambar 2013 don tsokanar masu kuɗin intanet, suka sa masa hoton wata karya 'yar Japan mai suna Kabosu wadda fuskarta take yawo a matsayin mim a lokacin. Daga baya ya yi daraja musamman a 2021 da attajirin nan na Amurka Elon Musk ya riƙa ambatonsa, wasu suka samu kuɗi, daga nan kowa ya fara ƙirƙiro nasa da hoton kare ko kwaɗo ko wani sananne, yanzu cikin 'yan mintuna mutum zai haɗa sabo.

Irin wannan kuɗin babu gona ko masana'anta ko haya a bayansa, darajarsa ita ce yawan masu maganarsa, ranar da aka daina yayinsa ya faɗi, kuma sau da yawa waɗanda suka haɗa shi su suke riƙe da kaso mafi yawa, suna jira irinku su shigo farashi ya hau su sayar su fita. Wanda yace maka zai ninka sau ɗari ka tambaye shi ko shi ya sayar da nasa ragon, ka kuma tambaye shi ko yana samun wani abu in ka shiga ta hanyarsa. Ka tuna yadda matasanmu suka kwana suna dannan waya a 2024 kan Hamster Kombat, wasan wayar nan da aka ce zai ba da kuɗin intanet, da ɗan abin da akasarinsu suka samu da aka fashe a watan Satumba, can ma lokaci da data aka sa ba dabba ba. Ɓangaren halacci kuma malamai sun yi saɓani kan kuɗin intanet gaba ɗaya, ka zauna da malamin da ka yarda da iliminsa ka yi masa bayanin wannan nau'in musamman. Shawarata kada ka sayar da ragon, ka ci gaba da ba su harawa da dusa zuwa sallah, in kana son koyon harkar ka fara da karatu kyauta, in ma za ka gwada to da kuɗin da in ya tafi gaba ɗaya ba zai hana ka barci ba, kuma kada ka ba kowa kalmomin sirrin asusunka ko da abokinka ne.